Kundin neman izinin zama a Girka ta hanyar sayen gida

12 ga Janairu, 2025

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: takardar da za ta ba ni da iyalina damar zama a wata ƙasa bisa doka, mu shiga mu fita ba tare da bin layin biza ba, yara kuma su samu inda za su yi karatu idan lokaci ya yi. Ba ƙaura nake shirin yi ba, kasuwancina yana nan inda yake. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, domin dillalan wannan harka kowa da irin waƙar da yake rerawa, bayan wata biyu sai mutum ya rasa wa ya faɗa masa me.

Ƙofofin dai rufewa suke ta yi. Birtaniya ta soke bizar masu zuba jari a Fabrairun 2022, tana mai cewa kuɗin da ba a san asalinsu ba suna shigowa ta nan. Ailan ta bi sahu a Fabrairun 2023. Fotugal ta cire sayen gida daga tsarinta a Oktoban 2023, ta bar hanyar zuba yuro 500,000 a asusun jari. Sifaniya ma dokarta ta fito a farkon wannan watan, ranar 3 ga Afrilu za ta daina karɓar takardu. Kukan da ya tura Fotugal da Sifaniya iri ɗaya ne, 'yan ƙasa sun ce baƙi masu kuɗi sun sa gidan haya ya gagare su. Dillalai kuwa sun mayar da wannan jari, duk saƙon da ya shigo wayata da "yi sauri kafin a rufe" yake farawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma mai sauri ba ya karanta takarda, su ma sun san haka.

2 ga Fabrairu

Na tace sauran, huɗu suka rage.

Amurka tana da tsarin EB-5 tun 1990. Bayan gyaran da aka yi masa a 2022, dala 800,000 ne idan aikin yana karkara ko yankin da rashin aikin yi ya yi katutu, dala 1,050,000 a sauran wurare, kuma dole jarin ya samar wa mutum goma cikakken aiki. Katin farko na shekara biyu ne bisa sharaɗi. Doka ta ce kuɗin sai sun shiga haɗarin kasuwa na gaske, babu wanda ya isa ya yi maka alkawarin dawo da su. Wannan ban ƙi ba, ɗan kasuwa ya saba da riba da faɗuwa. Abin da ya sa na ja da baya haraji ne, don mai katin zaman Amurka duk inda ya samu kuɗi a duniya sai ya yi wa hukumar harajinta bayani. Sannan katin na mazauni ne, wanda ya daɗe a waje za a iya cewa ya yi watsi da shi.

A Dubai gidan dirhami miliyan 2 yana kawo bizar shekara goma, aikin kuma ba ya jan ƙafa. Sai dai iyakarta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ba ta buɗe ƙofar Turai.

Yayana Turkiyya ta kwanta masa a rai: gidan dala 400,000, ka riƙe shi shekara uku, a ba ka fasfo ɗungurungum. Ya ce, "Kai da za a ba ka fasfo, me za ka yi da wani kati?" Na ce, "Yaya, ai mai fasfon Turkiyya ma sai ya nemi biza kafin ya shiga ƙasashen Turai na Shengen." Ya yi shiru, amma na san bai gamsu ba.

Girka na zaɓa. Katin na shekara biyar ne, ana sabunta shi muddin gidan yana hannunka, babu sharaɗin sai ka kwana ko da dare ɗaya a ƙasar, kuma da shi kana iya yin kwana 90 cikin kowane 180 a sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu. Abin da bai bayar ba shi ma na rubuta shi da manyan baƙaƙe don kada romon bakin wani ya mantar da ni: ba izinin aikin albashi ba ne, ba kuma ɗan ƙasa ka zama ba. Mai son zama ɗan ƙasa sai ya zauna da gaske shekara bakwai, ya ci jarrabawar harshen Girkanci da tarihin ƙasar.

20 ga Fabrairu

Tallace-tallacen intanet har yanzu "yuro 250,000" suke ta yayatawa, farashin da tsarin ya fara da shi a 2013. Doka mai lamba 5100 ta 2024 ta sauya lissafin. A yankin Attika, inda Atina take, da Tasalonika, da Mikonos da Santorini, da duk tsibirin da mutanensa suka haura 3,100, yuro 800,000 ne. A sauran ƙasar 400,000. A duka biyun gida ɗaya ake so, ba a haɗa ƙanana biyu ko uku su cika kuɗin, kuma kada ya gaza murabba'in mita 120. Tsohon farashin ya rage a wuri biyu kawai: ginin kasuwanci, kamar ofis ko shago ko tsohuwar masana'anta, da aka mayar gidan kwana, sai kuma tsohon gini mai tarihi da mai saye zai gyara. Na biyun ban ko kalle shi ba, gyaran ginin da hukuma ke karewa daga nesa neman rigima ne. Na farkon shi ne daidai ƙarfina, kuma sharaɗinsa a fili yake, sai an kammala sauya ginin kafin a shigar da takardar neman izini.

Akwai kuma abin da tallan ba ya faɗa ko kaɗan. Gidan da aka samu kati da shi an haramta ba da shi hayar kwana-kwana irin ta Airbnb. Wanda aka kama tarar yuro 50,000 ce, a kuma ƙwace katin. Wani dillali da kansa ya turo min lissafin ribar 'yan yawon buɗe ido a kan gidan da yake tallata min. Ko bai san dokar ba, ko ya san ni ban sani ba. Ko wanne ne, na goge lambarsa.

Kowane kamfani cewa yake "muna da lauyanmu, kyauta ne". Lauyan da mai sayarwa ke ciyarwa ba zai ce maka kada ka saya ba. Na ɗauki tawa lauyar daban, a Atina take, ni nake biyanta, ba ta da gida ko ɗaya na sayarwa.

9 ga Maris

Makon takardu. Na je ofishin jakadancin Girka na sa hannu a takardar wakilci, wadda za ta ba lauya ikon ciro min lambar haraji, wadda suke kira AFM, da buɗe asusu da sa hannu a ciniki. Ba tare da wannan lamba ba ko wutar lantarki ba za ka sa da sunanka ba a can. Na sa an taƙaita ikon: babu cin bashi da sunana, babu sayarwa, babu jinginarwa. Ita ma ta ce haka ya fi mata.

Takardar aure da na haihuwar yara su ne masu cin rai. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 kan tabbatar da takardun hukuma hatimi ɗaya ya ishe su. Tawa ba ta ciki, don haka sai ma'aikatar harkokin waje ta buga, ofishin jakadanci ya sake tabbatarwa, sannan a fassara zuwa Girkanci a hannun wanda hukuma ta yarda da fassararsa. An samu harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin sunan maiɗakina a fasfo da na takardar aure. Lauya ta ce a gyara yanzu, don jami'in da zai duba fayil ɗin bai san mu ba, abin da ke rubuce kawai ya sani.

Tsarin yana ɗaukar mata ko miji ɗaya, da yara 'yan ƙasa da shekara 21, da iyayen ma'auratan duka biyu. Yaron da ya cika 21 ana ba shi nasa izinin har zuwa 24, daga nan sai ya nemi madogararsa. Babban ɗana yana da 19, ke nan shi ne agogon wannan aiki.

Na kai wa mahaifiyata maganar. Ta ce, "Ni da tsufana me zan je yi ƙasar da ban san alƙiblarta ba?" Na ce, "Hajiya, ba zama za ki yi ba, sau ɗaya za ki je a ɗauki hoton yatsunki." Ta ce, "To Allah Ya ba da sa'a, ni dai a bar ni." An bar ta. Ana iya shigar da ita daga baya idan ta sauya ra'ayi.

6 ga Afrilu

Duk wanda ya ce maka wahalar wannan harka tara kuɗi ce, bai kai matakin banki ba. Ba sa tambayar nawa gare ka sai sau ɗaya. Daga ina suka fito, wannan ita ce tambayar da ake maimaitawa ta fuska goma.

Sun nemi bayanan asusuna na shekarun baya, da takardun biyan haraji, da rajistar kamfani, da rahoton mai binciken kuɗi, da shaidar adireshi. Na tura. Fayil ɗin ya dawo da layi uku da aka shafa wa ruwan ɗorawa. Biyu ciniki ne, na haɗa da takardun kaya da rasit, suka wuce. Na ukun kuɗi ne masu kauri da Yaya ya turo min shekarun baya, kasona na wani fili da muka sayar tare. Ma'aikaciyar ta rubuto cikin ladabi: wane ne wannan mutum, me ya haɗa ku, ina yarjejeniyar sayar da filin, shi kuma daga wa ya karɓa?

Da na kira Yaya sai da ya ɗaga murya. "Yanzu haƙƙinka da na ba ka ma sai na rantse a kansa?" Na ce, "Yi haƙuri Yaya, ba kai suke zargi ba, kowa haka suke yi masa." Ya tono yarjejeniyar a cikin wata tsohuwar jaka, gefenta har ya fara cinyewa, ya haɗa da bayanin asusunsa na watan, ya rubuta wasiƙa ya sa hannu gaban lauya.

Ban ga laifin bankin ba. Dokokin Tarayyar Turai kan halasta kuɗin haram sun ɗora musu nauyin sanin abokin hulɗa, kuma idan ƙasar mutum tana cikin jerin da FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ke sa wa ido, tambayoyin ninkuwa suke yi. Kuɗin da aka yi cinikinsu hannu da hannu ba tare da takarda ba, komai halaccinsu, a wurin waɗannan mutane marayu ne. Shi ya sa duk mai wannan niyya nake ganin tun kafin ya fara kallon hotunan gidaje ya kamata ya zauna da akantansa su bi sawun kowane babban kuɗi da ya taɓa shiga asusunsa. Kuɗin gidan ma ta banki za su bi, daga asusun mai saye ko na matarsa ko ɗan'uwa na kusa, kuma sai an rubuta hanyar da suka bi a cikin yarjejeniyar ciniki. Jakar kuɗi ba ta da aiki a nan.

Sifaniya ta rufe ranar da ta ce.

30 ga Afrilu

Jiya kotun Tarayyar Turai da ke Luksambag ta yanke hukunci cewa tsarin Malta na ba da fasfo ga masu zuba jari ya saɓa wa dokar Tarayyar. Kubrus dama ta rufe irin nata tun 2020. Maiɗakina ta ga labarin a waya ta shigo da shi. "Abban yara, ba irin namu ba ne wannan?" Na ce a'a, wancan sayar da zama ɗan ƙasa ne, namu izinin zama ne. Lauya ma haka ta tabbatar. Amma iskar da ke kaɗawa a Turai ba ta masu irin wannan kati ba ce, kuma majalisar da ta kafa doka ita ke da ikon sauya ta gobe. Saboda haka ma'aunin da zan je da shi ɗaya ne: gidan da zan saya ya zama wanda zan yarda da shi a kuɗinsa ko da babu kati a bayansa.

Asusun banki ya buɗe.

18 ga Mayu

Ina Atina da bizar ziyara ta Shengen, kuɗinta yuro 90. Dillalai da yawa sun ce ba sai na zo ba, bidiyo ya isa. Ni ba na cinikin biri a sama.

Gini na farko a Pireyas yake, kusa da tashar jiragen ruwa, tsohon ofis mai hawa shida da ake yayyankawa ɗaki-ɗaki. Wurin ba laifi, tun 2022 layin jirgin ƙasa na uku ya haɗa shi da filin jirgin sama kai tsaye. Aka miƙo min takardar farashi mai sheƙi. Na bi ta daga sama har ƙasa: mai kallon teku 250,000, mai kallon bangon maƙwabta 250,000, babba 250,000, wanda gado da kujera za su cika shi ma 250,000. Farashin ba na gini ba ne, na doka ne. Da yamma na zaga unguwar, na tsaya gaban tagogin dillalan da ke sayar wa 'yan gari, na ga gidajen da suka fi waɗannan girma a ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne kuɗin katin, kuma ranar da ka tashi sayarwa ɗan gari ba zai biya ka shi ba.

Sai kuma "garantin haya na shekara uku". Na tambayi lauya, ta yi murmushi ta ce in lissafa hayar shekara ukun in cire daga farashin, zan ga kuɗina ne ake dawo min da su kaɗan-kaɗan. Takardar sauya ginin zuwa gidan kwana kuma "tana hanya". Wanda ya biya kafin ta iso, kuɗinsa sun tafi, ikon shigar da takarda bai zo ba. Muka fita.

Na biyu a Kipseli yake, unguwa mai cunkoso a tsakiyar Atina, inda ake haƙa sabon layin jirgin ƙasa na huɗu. Hawa na uku ne a irin dogayen gidajen da suka cika birnin tsakanin shekarun 1950 da 1970, lokacin da mai fili kan ba magini filinsa a biya shi da ɗakuna a sabon ginin. Da ofishin akanta ne, an mayar da shi gida mai ɗaki biyu da falo, takardar sauyin kuma ta fito bayan dokar ta fara aiki, wanda shi ma sharaɗi ne. Na ɗauki injiniya nawa. Dattijo ne marar yawan magana. Bai fara da kicin ko fenti ba, ƙasa ya sauka ya duba ginshiƙai, yana ƙwanƙwasa su da ɗan guduma yana kasa kunne. Ya ce a Girka shekarar izinin gini ake fara tambaya, saboda dokar girgizar ƙasa ta farko ta 1959 ce, aka ƙarfafa ta a 1985, aka sake sabuwa a 1995, kuma girgizar Satumban 1999 da ta kashe mutane sama da 140 a Atina ta nuna wane gini ne wane. Wannan na tsohuwar doka ne, amma bai ga tsaga ko tsatsar ƙarfe a ginshiƙan ba.

Abu ɗaya ya kama. Ya auna baranda ta baya da tef, ya buɗe zanen ginin na asali a kan teburin kicin, ya ɗora yatsa: an toshe rabinta da gilashi an ƙara wa ɗaki, zanen bai san da haka ba. Irin wannan ƙari ruwan dare ne a can, har akwai doka ta 2017 da ke ba da damar biyan tara a halasta shi. Mai gida ne zai yi, kafin ciniki.

8 ga Yuni

Lauya ta gama bincike a ofishin rajistar filaye. Ta bi jerin masu gidan shekaru da dama baya, babu jingina, babu ƙarar magada, babu bashin da aka rataya masa. Ta nemi shaidar cewa mai gidan ya biya harajin ƙadara na shekarun baya, da wasiƙa daga mai kula da ginin cewa ba a binsa kuɗin hidimar haɗaka, wato na lif da shara da dumama ɗakuna.

Na ba da kafin alƙalami, kashi goma cikin ɗari. An kai ruwa rana kan sharaɗi ɗaya da na dage a rubuta: idan takardar baranda ba ta fito ba, ko aka gano sauyin ginin bai cika sharaɗin izinin zama ba, kuɗina su dawo cif. Mai gidan ya so a bar shi a baki. Daga ƙarshe ya sa hannu. Farashin ya ɗan haura 250,000, kuma da na gwada shi da na maƙwabta akwai ƙari a kai, amma ƙarin da zan iya haɗiyewa.

29 ga Yuni

Gwamnatin Fotugal ta gabatar da shawarar tsawaita jiran zama ɗan ƙasa daga shekara biyar zuwa goma ga yawancin baƙi. Waɗanda suka zuba rabin miliyan saboda wannan biyar ɗin yanzu suna ta tambayar lauyoyinsu ko abin zai shafe su. Wani abokin kasuwancina yana cikinsu, muryarsa a waya ba daɗi.

22 ga Yuli

An yi ciniki. Ban je ba, lauya ce ta sa hannu a madadina gaban notari, jami'in da doka ta ɗora wa rubuta yarjejeniyar sayar da ƙadara. Ta ce sai da ya karanta ta da babbar murya daga farko har ƙarshe, kamar yadda aka saba. Da ni ne a wurin, da sai an kawo tafinta.

Kafin a zauna sai da aka biya harajin sauya mallaka, kashi 3.09 cikin ɗari. Ga kuɗin notari, ga na lauya, ga na rajista, ga la'adar dillali, ga injiniya da masu fassara. Da na tattara nawa sun doshi kashi takwas cikin ɗari a kan kuɗin gidan, kuma ko sisi daga ciki ba ya shiga lissafin 250,000 ɗin da doka ke nema. Mai kuɗi daidai wa daida kada ya fara. Canjin kuɗi ma ya ci nasa rabon, domin tsakanin Janairu da yanzu yuro ta yi tsada a kan dala, ni kuma da dala na yi tanadi.

Saura a shigar da yarjejeniyar a rajistar filaye, a karɓo shaida.

17 ga Agusta

Shiru. Agusta watan hutu ne a Girka, musamman kewayen 15 ga wata. Lauya ma tana wani tsibiri, ta ce sai Satumba.

14 ga Satumba

Shaidar rajista ta fito, an shigar da takardunmu ta intanet a Ma'aikatar Ƙaura da Mafaka. Kuɗin nema yuro 2,000 ne nawa, 150 na kowane babba a iyali, ƙananan yara ba a biya musu wannan, sai yuro 16 na buga kowane kati. Kowa an yi masa inshorar lafiya mai aiki a Girka.

An ba mu shaidar karɓar takardu, wadda suke ce wa shuɗiyar takarda. Da ita zamanmu a Girka halas ne har a yanke hukunci. Babban ɗana ya fara lissafin zuwa Jamus wurin abokinsa, na ce ya dakata, wannan takarda ba ta tsallaka da kowa zuwa sauran ƙasashen Shengen, sai katin ya fito.

Yaya ya turo min labarin sabon katin zinare, wani izinin zama na masu kuɗi, da ake ta maganarsa a Amurka. Na ce masa, "Yaya, ni dai na riga na shiga jirgi."

19 ga Oktoba

Mun je an ɗauki hoton yatsu da sa hannu. Dole kowa ya je da ƙafarsa, wannan kam wakili ba ya yi. Layin ya cika da iyalai, na ji Sinanci da Turkanci da Larabci, kowa da lauyansa riƙe da fayil. Aikin kansa bai fi 'yan mintuna ba. Jami'ar ta duba fasfo, ta gwada sunan maiɗakina da takardar aure harafi bayan harafi, ta ajiye ba ta ce komai ba.

Tun 12 ga wata aka fara sabon tsarin rajistar shige da fice a iyakokin Shengen, wanda zai maye gurbin buga tambari a fasfo, a hankali ake shigo da shi. Na'ura ce za ta riƙa ƙirga wa mai ziyara kwana casa'in ɗinsa. Masu katin zama ba ya kansu.

Mun kwana a gidan. Da safe wata tsohuwa da ke hawa na biyu ta tare mu a matattakala, ta yi ta magana da Girkanci tana nuna sama. Mai kula da ginin ya fassara: tambaya take ko za mu riƙa zuba baƙi masu jan akwati kowane dare. Na ce a gaya mata doka ma ta hana ni. Ta gyaɗa kai ta wuce, ba fara'a ba faɗa.

16 ga Nuwamba

An samu 'yan haya, wata ma'aikaciyar jinya da mijinta. Hayar gidan kwana a Girka mafi ƙarancinta shekara uku ne a doka, ko da an rubuta ƙasa da haka, don haka sai da na sa aka duba takardun albashinsu kafin a ba su makulli. An shigar da yarjejeniyar a shafin hukumar haraji. Kuɗin haya ana cire masa kashi 15 cikin ɗari a kan yuro 12,000 na farko a shekara, ga kuma harajin ƙadara, ENFIA, da ake biya duk shekara ko da gidan a rufe yake. Na ɗauki akanta a can, don ko ba mazauni ba ne, mai karɓar haya sai ya cike takardar haraji. Ya ja kunnena kan abu ɗaya: ranar da zamana a ƙasar ya haura kwana 183 a shekara, na zama mai biyan harajin Girka a kan duk abin da nake samu, ba hayar gida kaɗai ba. Bayan an cire haraji da gyare-gyare da ladan mai kula, abin da ya rage bai kai rabin abin da takardun talla suka yi alkawari ba, amma ya yi daidai da lissafin da na yi a Mayu.

Katin dai bai fito ba. A shafin ma'aikatar fayil ɗinmu yana nan "ana dubawa", kuma lauya ta ƙi ba ni rana, ta ce takardu sun taru a Attika, wanda duk ya yanka maka wata kaza cika baki yake yi. Abin da ta nema shi ne in sabunta fasfon ƙaramar 'yata da zai ƙare a Maris, in tura mata kwafin sabon ta saka a fayil kafin a zo kanmu. Na karɓo fom ɗin, gobe za a kai ta ɗaukar hoto.